Bikin lasar gishiri na Ingal: yadda na ga hidimar kamfanin da ya kai mu daga Agadas

Shekaru da dama ina jin labarin bikin lasar gishiri na Ingal a gidajen rediyo, amma sai a daminar da ta wuce Allah ya nufa na je da ƙafata, ni da ƙanena da babban ɗana. Da yake ba mu da ɗan uwa ko aboki a can, kuma ba mu da motar da za ta iya shiga daji, sai muka yi ciniki da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na Agadas, irin waɗanda ke ɗaukar baƙo su kai shi wurin biki, su ciyar da shi, su ba shi makwanci, su dawo da shi gida. Na ga ya dace in rubuta yadda hidimarsu ta kasance a kwana huɗun da muka yi tare, domin mutanenmu na Damagaram da Maraɗi da Kano da yawa suna sha'awar wannan tafiya, alhali akasarin abin da ake rubutawa a kanta don Turawa ake rubuta shi.

Ta waya muka yi cinikin tun muna Damagaram. Sun ɗauki nauyin mota kat-kat mai shiga daji da direbanta, da ɗan jagora, da mai dafa abinci, da tanti, da ruwan sha, da abinci sau uku a rana, sannan suka ƙara da alkawarin kai mu Tigidan Tesum mu ga yadda ake yin gishiri. Muka tura rabin kuɗin, aka bar rabi sai mun iso. Ba a rubuta komai a takarda ba, kuma wannan sakaci namu ne tare da su, kamar yadda za a gani nan gaba. Muka bi motar haya ta Tanut da Adarbisinat, muka isa Agadas da dare, muka tarar da direban yana jiranmu a tasha duk da jinkirin da muka yi a hanya. Washegari da safe, kafin a gama ɗaure kaya, ɗan jagoran ya zaga da mu tsohon gari, muka tsaya a gindin hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka tsawonta mita 27, a unguwar da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013. Wannan zagaye ba ya cikin ciniki, kyauta ya yi mana shi.

Ingal tana yamma da Agadas, tafiyar kamar kilomita 160 a mota, kuma wanda ya san wannan yanki da rani kaɗai ba zai gane shi ba a watan Satumba. Filin Igazar, wanda ruwan duwatsun Abzin ke gangarowa ya malala a cikinsa, yakan zama kore shar, raƙuma da shanu da tumaki ko'ina ido ya kai. Dalilin taron ke nan tun asali. Idan damina ta sauka, makiyaya sukan bar ƙasar noma ta kudu don kada dabbobi su shiga gonaki, su nufi arewa inda ciyawa ta fito, kuma ƙasar wannan fili da ruwanta suna da gishiri, wanda ke yi wa dabba irin amfanin da kanwa ke yi mata a gida: yana wanke mata ciki, yana buɗe mata cin abinci. Da yake shekara guda ake yi ba a haɗu ba, sai taron dabbobi ya zama taron mutane, a ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rigima, a yi ciniki. Daga baya gwamnati ta tsayar da kwana uku na bikin hukuma, wanda ake kira Kur Sale da Faransanci, tana kuma amfani da shi wajen yi wa dabbobi rigakafi da duba lafiyar makiyayan da ba a cika samunsu wuri guda ba.

Abin da ya fi komai daraja a kuɗin da muka biya shi ne ɗan jagoran. Dattijo ne Ba'abzine da ya haura shekara hamsin, yana jin Tamashek da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma da wuya mu wuce wani zango ba a kira sunansa ba. A safiyar buɗe biki, lokacin da sauran baƙi suka cika rumfar manya suna jiran jawabai, sai ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, idan jawabi kuka zo ji, ga kujeru nan, idan kuwa biki kuka zo gani, ku biyo ni." Muka bi shi a ƙasa zuwa bayan filin, inda mata ke haɗa tende. Ban taɓa sanin cewa wannan ganga turmin daka ce ba sai ranar. A gabanmu wata tsohuwa ta kawo turmi, aka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar fatar akuya a bakinsa, aka ɗaure ta da igiya a jikin taɓare biyu, mata biyu suka zauna a kan taɓaren don fatar ta miƙe, ana yi ana yayyafa mata ruwa har muryarta ta zauna. Da mai waƙa ta ɗauka, sauran suka amsa da tafi, sai ga mahaya raƙuma sun fara kewaye su, kowane raƙumi yana ɗaga ƙafa daidai da bugun gangar, wuyansa a lanƙwashe, mahayinsa a miƙe kan sirdi da takobi a gefe. Ɗan jagoran ya nuna mana yadda mahayi ke sarrafa raƙumi da yatsun ƙafarsa a kan wuyansa, ba da jan akala kaɗai ba, abin da ba za mu taɓa lura da shi ba da muna zaune a rumfa. Ya kuma ja hankalin ƙanena, wanda ke harkar tufafi, ga baƙin rawani mai ƙyalli da manyan mahaya suka naɗa, ya ce masa ai wannan ɗan Kura ne, daga marinar ƙasar Kano yake zuwa, kuma shuɗin babar da yake bari a fuskar mai shi ado ne a wurinsu.

Da la'asar ya kai mu zangon Fulani Woɗaɓe, kuma a nan ne na ƙara ganin hankalinsa. Kafin mu sauka daga mota ya gargaɗe mu cewa kada kowa ya ɗaga waya don ɗaukar hoto sai an gaisa, an zauna, an nemi izini, ya kuma sa muka riƙo sukari da ganyen shayi muka miƙa wa dattijon zangon. Saboda haka aka shimfiɗa mana tabarma a inda samari ke kwalliya, muka ga aikin tun daga farkonsa. Kowane saurayi yana riƙe da ɗan madubi, yana shafa wa fuskarsa ƙasa mai launin rawaya, ya ja farin layi daga goshi zuwa ƙarshen hanci don hancin ya ƙara tsawo a ido, ya zizara kwalli, ya baƙanta leɓe don haƙora su fito fes, sannan ya kafa gashin jimina a rawani. Wani yaro da bai wuce sa'an ɗana ba ya goge layin hancinsa har sau uku kafin ya gamsu. Da rana ta yi sanyi suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suna ɗagawa a kan yatsun ƙafa, suna zare idanu suna bayyana haƙora, muryoyinsu suna hawa kan juna ba tare da ganga ba, 'yan mata kuma suna tsaye nesa kaɗan suna kallo cikin kunya. Ɗan jagoran bai ruɗe mu ba: ya faɗa mana cewa wannan ita ce rawar da ake kira "yake", kuma cikakken gerewol, wanda ake yi tsakanin zuriya biyu har 'yan mata su zaɓi gwani, yawanci a daji ake yin sa bayan an watse daga Ingal. Na yaba da wannan gaskiya, domin na ji wasu 'yan jagora suna gaya wa baƙinsu cewa duk abin da suka gani gerewol ne.

Abinci ba shi da laifi. Shinkafa da taliya da naman akuya su ne suka fi yawa, da cuku da dabino a tsakani, shayi kuwa ba ya yankewa, kofi uku a kowane zama kamar yadda al'adar wurin take. A dare na biyu mai dafa abincin ya yi mana tagella, gurasar da ake binnewa cikin yashi mai zafi a rufe da garwashi, ya tono ta ya kakkaɓe, ya gutsuttsura ta cikin miya, kuma ban ji ko ƙwayar yashi a haƙorina ba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne makwanci da ruwa, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Tantunan da suka kawo irin na roba ne marasa nauyi, waɗanda suka dace da lokacin sanyi da ake kai Turawa hamadar Tenere, ba da ƙarshen damina ba. A dare na biyu, bayan mun kwanta, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙura a gabansa, kafin mu ankara turaku biyu sun tsinke, tantin ya kwanta a kanmu, ruwa ya bi ta ƙasa ya jiƙa katifu da jakunkuna. Sauran daren a cikin mota muka ƙarasa shi a zaune mu shida. Wanda ya shekara yana wannan sana'a ya san cewa ana ruwa a Ingal a watan Satumba, tunda ruwan ne ma ya tara mutane, don haka rashin tanadin tanti mai ƙarfi da leda ta shimfiɗawa a ƙasa ba uzuri gare shi. Da gari ya waye na ga bukkokin tabarma da na fata na makiyayan da ke kusa da mu suna tsaye ƙyam, kuma su ne suka aiko mana da wuta muka shanya kaya. Ruwan sha ma an yi masa ƙwauron lissafi, domin tun rana ta uku da hantsi na roba ya ƙare, sai da muka sayi wani da kuɗinmu a kasuwar biki, inda farashin komai ya ninka. Ba a kuma tanadi wurin kewayawa ba ko da na zana ne. Mu maza mun jure, amma ba zan shawarci kowa ya kai iyalinsa mata ta hannun wannan kamfani ba sai an gyara wannan tukuna.

Ruwan nan ne kuma ya hana mu zuwa Tigidan Tesum, mai tazarar kamar kilomita 80 arewa da Ingal, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri a tace ruwanta a zuba a ƙananan ramuka rana ta busar da shi. Ƙasar Igazar laka ce, idan ta sha ruwa ko kat-kat sai ta kafe, kuma direban ya ce ba zai jefa mu cikin wahala ba. Na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari, domin da yamma mun ga wata mota da ta gwada aka jawo ta da igiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda mai kamfanin ya sayar mana da wannan tafiya a matsayin tabbas, bai ce mana ta dogara ga yanayin hanya ba, alhali sanannen abu ne cewa aikin gishirin kansa da rani yake kankama.

Maimakon haka ɗan jagoran ya shiga da mu cikin garin Ingal, kuma ban yi nadamar wannan rana ba. Mun bi lambunan dabino da ke bakin ƙoramar garin, muka zauna da wani mai lambu da ke magana da 'ya'yansa da Tasawak, harshen mutanen Ingal da Tigidan Tesum, wanda tushensa na Sonrai ne amma ya cika da kalmomin Tamashek, sannan ya juyo gare mu da Hausa tsantsa. A nan aka ba mu labarin Azelik da ke arewa, wadda masana tarihi da yawa ke ɗauka ita ce Takedda ta tagulla da matafiyi Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Ɗana kuwa abin da ya fi burge shi shi ne jin cewa a duwatsun wannan yanki aka tono ƙasusuwan dabbobin zamanin da, irin su Jobaria da aka bayyana wa duniya a 1999, har ya sa muka yi alkawarin sake dawowa da rani.

Da muka koma Agadas na zauna da mai kamfanin a ofishinsa na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Game da tanti ya amsa laifinsa ba tare da gardama ba, ya ce zai sayi na tamfol kafin baɗi. Game da Tigidan Tesum kuwa ya ce ruwa daga Allah ne, ni kuma na ce haka ne, amma man da ba a ƙona ba yana cikin tankinsa. Da yake babu takarda a tsakaninmu, maganar ta ɗauki lokaci, sai da ɗan jagoran ya sa baki ya ce masa, "Yallaɓai, baƙin nan ba su ci tafiyar ba, kada mu ci kuɗinta," sannan ya cire kuɗin man ranar daga ragowar da za mu biya, bai mayar da na ruwan da muka saya ba.

Wanda zai bi ta hannun irin wannan kamfani ya nemi a rubuta masa komai, ya tambayi irin tantin da za a ba shi ya kuma gan shi da idonsa a Agadas kafin a ɗora shi a mota, ya sa a ƙidaya ruwan sha a gabansa, ya kuma tabbatar da ranar biki daga sanarwar hukuma, domin takan sauya daga shekara zuwa shekara. Wanda ya fito daga wajen Nijar ya tambayi halin hanya da sharuɗɗan jami'an tsaro tun yana gida, ya riƙe takardunsa a kusa saboda shingayen jandarma. Ni dai zan sake bin su idan Allah ya kai mu, bisa sharaɗin cewa dattijon nan ne zai yi mana jagora, kuma na riga na gaya wa mai kamfanin haka kafin mu kama hanyar tasha.