Kiɗan Kirsimeti na kibod da na makaɗa: me ya sa sabon albam ɗin ya gundure ka?

Wani ɗan'uwa daga Sabon Tasha a Kaduna ya kawo kuka. Ya sayi sabon albam na kiɗan Kirsimeti zalla, babu murya, don ya riƙa sawa a gida da kuma kafin a fara sujada. Sautin fes, ga ƙarfi, amma kafin a kai waƙa ta uku ya gundura. Tsohon da yake da shi kuwa, na 'yan ƙaho da mai jita da masu ganga, har da ɗan shuu a ciki, ba ya isarsa. Yana tambaya ko kunnensa ne ya tsufa.

Ɗan'uwa, kunnenka lafiya lau. Bisa yadda ka kwatanta, sabon aikin mutum ɗaya ne da kibod da kwamfuta, tsohon kuma na mutane ne da suka taru a ɗaki ɗaya.

Mai kibod ba sauti yake ɗauka ba, umarni yake ɗauka. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, yana rubuta wace nota aka taɓa, yaushe, da kuma ƙarfin taɓawar, daga 1 zuwa 127. Daga nan sai a sa kwamfuta ta ja kowace nota ta zaunar da ita daidai kan bugu, abin da 'yan sutudiyo ke kira kwantayiz. In mai aikin na sauri, Disamba ta ƙarato, sai ya bar ƙarfin notocin duka wajen 100. Shi ke nan, kiɗa ya zama kamar tafiyar agogo. Makaɗa ba sa haka. Mai ƙaho dole ya ja numfashi a ƙarshen layi, mai ganga yakan riga bugu da ƙiris in abin ya yi daɗi, kuma dukansu sukan sassauta tare a layin ƙarshe. Abin da kwamfuta ke ɗauka kuskure ta goge, shi ne abin da kunne ke bi.

Amma babbar matsalar tana wajen baitoci. Waƙar Kirsimeti karinta ɗaya ne, a maimaita sau huɗu ko biyar. Kalmomin ne ke tafiya gaba, daga makiyaya zuwa mala'iku zuwa sakarkari. In aka cire murya, an cire labarin, sai kiɗan ya ɗauki wannan nauyi. Ƙungiyar da ta san aikinta, irin ta Boys' Brigade in ta samu malami nagari, takan ba ƙaramin ƙaho baiti na farko, manyan ƙahoni su karɓi na biyu, na uku a yi shi can ƙasa-ƙasa ba ganga, na ƙarshe kowa ya shigo. Haka Zumuntar Mata ke yi da tulu da kacakaura: ba a sakin komai tun farko. A albam ɗin gaggawa kuwa, baiti ɗaya ake bugawa, a kwafe shi sau huɗu, a ɗaga kii, wato matakin muryar waƙar, da rabin mataki a na ƙarshe don a ce an yi wani abu. Wannan dabarar in an ji ta a waƙa ɗaya da daɗi, in an ji ta a waƙa goma ta zama tuwon jiya.

Sai ƙarfin sautin da ka yaba. Ana samunsa ne ta hanyar matse kiɗan, a danne wuraren da suka yi sama, a ɗago na ƙasa, har sarewa ita kaɗai ta yi ƙara daidai da taron ƙahoni. Minti goma na haka kunne ya gaji. Kuma riba babu: manhajar sauraron kiɗa ta Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), wato wanda aka matse sai a rage masa murya, ya rasa ƙarfin, ya rasa numfashin.

In kana so ka tabbatar, sa iyafis. Saurari ɗan "hah" kafin ƙaho ya shigo, da kukan yatsa kan tsirkiyar jita in an canza wuri. Sannan ka buɗe manhajar metronom, mai buga tik-tik da saurin da ba ya canzawa, ka daidaita ta da farkon waƙar. In har ƙarshe ba su rabu ba ko sau ɗaya, inji ne ya riƙe bugun.

Kada dai a yi wa kibod rashin adalci. Don koyar da mawaƙa ya fi, tunda saurinsa ba ya canzawa, kii ɗinsa ba ya zamewa, in kuma ka samu fayil ɗin MIDI kana iya sauke shi mataki biyu don iyayenmu mata su kai. Ɗaukar makaɗa a Kaduna cikin hunturu kuwa aiki ne: fatar ganga ta bushe ta ɗaure, jita ta kwance bayan waƙa biyu, ga gunjin janareta yana bin waya ya shiga makirfo. Wanda bai shirya tun Satumba ba, kibod ce mafitarsa.

Kafin ka yanke hukunci, duba girman fayil ɗin. Waƙar minti 4 a MP3 mai 320 kbps (ma'aunin ingancin sauti) takan kai MB 9.6, a 128 kbps kuma MB 3.8. In ka ga ba ta kai MB 2 ba, an tatse ta a hanya, kuge da kacakaura za su riƙa fita kamar ana murza leda. Lasifikar waya ma ba ta fitar da bes, wato sauti mai kauri, don haka gwada shi a babbar sifika tukuna.

Na kafin sujada, zaɓi waƙa huɗu ko biyar masu sanyi daga sabon, waɗanda piyano ke jagora, domin piyanon kibod ya fi ƙahonsa kama da na gaske nesa ba kusa ba. Ka saka na tsohon a tsakaninsu, ka rage murya yadda masu gaisawa a bakin ƙofa za su ji juna ba tare da ɗaga murya ba.