Tafkin Tison na Ngaundare: wurin zama ne, ba na leƙe a wuce ba

Mu mutanen Garwa da ke arewacin Kamaru yawancinmu tashar jirgi kawai muka sani a Ngaundare. A sauka daga mota da la'asar, a sayi kilishi, a shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, shi ke nan. Tun 1974 da layin dogo ya iso garin ake wannan wucewa. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani da muka ɗauki shatar mota da direbanta a garin, ni da maiɗakina da yara da gwaggona, don mu ga tafkin Tison da sauran wuraren da ke kewaye da shi. Tafkin ya cancanci a je, ko daga ina mutum zai taso. Tsarin yawon da aka yi mana ne yake bukatar gyara, kuma zan zo kansa.

A watan Afrilu muka je, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, dare ma ba ya sanyi. Tafiyar kusan kilomita 280 ce. Da mota ta gama hawan tudun nan mai kwana-kwana da direbobi suke kira falez, iska ta canza, yara suka daina neman ruwa. Ngaundare tana bisa tudun Adamawa ne, sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma damina tana riga tamu sauka, don haka mun tarar ƙasa ta fara kore. Wanda bai taɓa hawa ba ya sani cewa Binuwai ɗin da ya ratsa Garwa daga wannan tudun yake tasowa.

Tafkin yana kudu da gari, ta wajen hanyar Meiganga, kuma babu nisa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a hango shi daga hanya. Sai an hau ɗan tudu, an tsaya a baki, sannan a gan shi can ƙasa, a zagaye kamar ƙwarya, bishiyoyi sun rufe gangaren ta kowane gefe har bakin ruwa. Dalili kuwa ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, wanda ya mutu tun zamanin da, ruwa ya taru a ciki. Irinsa ba ɗaya ba ne a yankin: akwai na Mbalang, akwai na Ngaundaba. Tison ƙarami ne, ana ganin ɗaya gaɓar sarai, kuma ƙanƙantar tasa ce ta sa yake da daɗi. Tudun ya tare iska da ƙarar manyan motoci, ba abin da ake ji sai tsuntsaye da motsin ganye.

Direbanmu ya ce ruwan yana canza launi, mutanen gari kuma suna da labarai a kan haka. Abin da idona ya gani dai, da hantsi kore ne shar, da hadari ya taso ya rufe rana sai ya koma duhu har ba a ganin inuwar bishiyoyi a cikinsa. Ƙaramar 'yata ta tsuguna a kan wani saiwa tana jefa busassun ganye, tana kallon yadda suke tsayawa cak a inda suka faɗa, don ruwan ba ya gudu. Yarinyar da ta saba da kogi, wannan baƙon abu ne a wurinta.

Gwaggo da ta ji an ce ramin dutse ne sai ta dafe ƙirji, ta tuna Nyos. Duk wanda ya yi wayo a 1986 bai manta da shi ba: iskar da ta fito daga wancan tafkin cikin dare a watan Agusta ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobi ba adadi. Na gaya mata Nyos yana can lardin Arewa maso Yamma, nesa ƙwarai da nan. Abin da ya kamata a yi hattara da shi a Tison zurfi ne. Irin wannan tafki ba shi da gaɓa mai shimfiɗa irin ta Binuwai da rani, inda yaro zai yi ta tafiya ruwa bai wuce gwiwa ba. Gangaren da ake gani a sama haka yake ci gaba a ƙarƙashin ruwa. Ban bar kowa ya shiga ba, kuma duk mai zuwa da yara ya riƙe hannunsu wajen sauka, musamman in an yi ruwa, domin jar ƙasar wurin santsi gare ta. Takalmi mai kama ƙasa ya fi silifa.

Mun shimfiɗa tabarma a sama ƙarƙashin inuwa, muka zuba shayi daga fulas, muka buɗe kilishi da burodi da piya da muka saya a kasuwa. Gara da muka yi guzuri, don ranar ba mu tarar da mai sayar da komai ba. A taho da ruwan sha, a taho da buta. Ni da babban ɗana mun bi 'yar hanyar ƙafa da ta bi bakin tudun, ta gefe ɗaya ruwa, ta ɗaya gefen filin kiwo da shanun Fulani a warwatse.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a wurin, kuma laifin masu zuwa ne irinmu. Ledoji da gwangwanayen lemo a gindin bishiyoyi, wani wuri kuma toka da reshen da aka sare ɗanye aka hura wuta. Wannan tafki ba shi da mafita da za ta kwashe shara ta tafi da ita. Abin da ruwan sama ya gangarar ciki, yana nan ciki. Bishiyoyin kuma su ne suke riƙe da ƙasar gangaren, in aka ci gaba da sara, damina za ta wanke jar ƙasa ta zuba a ruwan. Mun tsince abin da ke kusa da mu muka zuba a buhu. Ba wani aiki ba ne mai wuya.

Sai maganar direba. Mutumin kirki ne, motarsa lafiyayya, ya san hanya, yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma ya girmama gwaggo ƙwarai. Matsalar ita ce ya lissafa mana wurare da yawa a yini ɗaya: tafki, gangaren ruwan Vina, gangaren Tello, fadar Lamiɗo, har da hawan dutsen Ngaundare. Ba mu daɗe da zama ba ya fara duba agogo. "Alhaji, mu tashi, Tello da nisa." Gwaggo ce ta raba gardama. Ta ce, "Ɗan nan, mu da muka gudo wa zafi, ina za ka kai mu? Zauna ka sha shayi." Ya yi dariya ya zauna, amma da ba ta yi magana ba, da hoto kawai za mu ɗauka mu wuce. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, baƙin da ya saba ɗauka abin da suke so ke nan. Sai dai wanda ya biya kuɗi don ya huta, ya faɗa tun kafin a tashi.

Vina tana kan hanya ɗaya da tafkin, don haka haɗa su ba wahala. Mun same ta da ƙarancin ruwa saboda damina ba ta zauna ba, ba ta burge ni sosai ba. Tello kuwa muka ɗage zuwa washegari, kuma wannan shi ne daidai. Tana gabas, kan hanyar ƙasa ta wajen Belel, tafiyar tana cin lokaci. Ruwan yana faɗowa daga tsayin wajen mita 45, a bayansa akwai babban kogo da mutum zai shiga ya tsaya yana kallon ruwan ta baya, raɓa tana jiƙa masa riga. Saukar da wuya ga dattijai, gwaggo a sama ta jira mu. Wannan wuri yini guda yake so.

Fadar Lamiɗo tana tsakiyar gari kusa da babban masallaci. Masarautar ta samo asali ne daga Arɗo Njobdi a wajajen shekarun 1830, a ƙasar da ƙabilar Mbum suka riga zama. Zaurukan masu rufin ciyawa da ginshiƙan ƙasa da aka yi wa zane abin kallo ne. In da hali a daidaita zuwa da ranar Juma'a, lokacin da Lamiɗo yake fitowa masallaci da dawakai da masu algaita. Dutsen Ngaundare mun bar shi, daga ƙasa muka hango ƙaton dutsen da ke zaune a ƙololuwarsa.

Wanda zai ɗauki shatar mota ya yi ciniki dalla-dalla: kuɗin mai a kan wa, awa nawa za a zauna a tafkin, Tello tana ciki ko ranarta daban. Mu sai da muka ƙara kuɗi a rana ta biyu don ba a yi wannan maganar tun farko ba. Matashi shi kaɗai ko su biyu ba sa ma bukatar mota don Tison, mai babur zai kai su, su dai karɓi lambarsa ya dawo ya ɗauke su kafin magariba.