GARGAƊI ga masu sayar da kaya a websayit: ku kula da masu cewa za su gyara muku menu

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan abu don kunya, amma jiya wani maƙwabcin shagona ya nuna min saƙon da aka turo masa a WhatsApp, wallahi kalma da kalma irin wanda aka turo min ne wata biyu da suka wuce, sai na ce shirun ya isa haka.

Ni shadda da yadi da leshi nake sayarwa a nan Kano, muna sari a Kantin Kwari muna tura wa mutane Kaduna, Abuja, Jos har Legas. Ɗan yayata ne ya buɗe min websayit a kan WordPress da WooCommerce, wato manhajar gina shafi da ta sayar da kaya a cikinsa, kafin ya tafi bautar ƙasa, kuma maganar gaskiya shafin a hargitse yake. In ka shiga da waya waɗannan layuka ukun na sama da ake dannawa menu ya buɗe, sun ɓuya a bayan hoton tambarin shago, in ma ka yi sa'a ka danna sai ka ga shadda da hula da takalmi duk an cusa su wuri ɗaya, leshi kuwa sai ka shiga nan ka fita can sau huɗu kafin ka gan shi, har da wani shafi na gwaji da ba komai a ciki an bar shi yana reto. Wata Hajiya daga Kaduna ta taɓa kirana ta ce Alhaji wannan shafin naka kamar kasuwar Kurmi, in ka shiga ba ka san ta inda za ka fita ba. Dariya muka yi amma abin ya tsaya min a rai.

To ana haka sai ga saƙon wani bawan Allah. Bai fara da maganar kuɗi ba, bidiyo ya turo na allon wayarsa yana yawo a shafina yana nuna min, ga shi nan kastoma zai ɓata, ga shi nan maɓallin saye ya faɗa ƙasa ba a ganinsa, ga shi babu wurin bincike. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, a nan ya kama ni. Sannan ya turo wani sikirinshot da jan lamba 31 a jiki ya ce wai makin da Google ta ba shafina ke nan kuma saura kaɗan su cire ni. Daga baya na gane PageSpeed Insights ne, kyauta ne, kowa zai iya sa adireshin shafinsa ya gani, saurin buɗewa yake aunawa, ba wata takardar kora ba ce.

Muka daidaita a dubu 45, rabi kafin aiki rabi bayan aiki. Ya ce in ba shi sunan shiga da fasawod na admin, wato mai cikakken iko da shafin, na ba shi nawa na kaina, ban ko yi tunani ba.

Abin da zai ba ku mamaki, aikin ya yi shi. Cikin kwana biyu menu ya koma tsaf, Shadda, Yadi, Atamfa, Leshi, Hula, kowanne da wurinsa, ga akwatin bincike a sama, ga kwandon saye a gefe, ya ma ƙara wani koren maɓallin WhatsApp da ke bin mutum duk shafin da ya shiga. Na ji daɗi har na cika masa kuɗinsa na ƙara masa dubu 3 na data, na kuma yaba shi a gurup ɗin 'yan layinmu, wannan yabon shi ya fi ci min rai yanzu.

Sai kasuwa ta yi tsit. Kwana tara ba oda ko ɗaya ta websayit, na ce ai tsakiyar wata ne albashi bai shigo ba. Ran na goma Hajiyar nan ta Kaduna ta kira ni da tsohuwar lambata da ke wayarta, muryarta ba daɗi, ta ce Alhaji ina leshina, yau kwana shida da na tura dubu 86 yaronka yana ta ce min mota ce ta lalace a Kwanar Ɗangora. Na ce wane yaro Hajiya? Ta turo min rasit, sunan da ke jikin akawun ɗin ban taɓa jin sa ba.

Ashe koren maɓallin nan ba lambata yake kaiwa ba, tasa ce, ya sa hoton shagona a kanta yana amsa kastomomi da sunana. Kuma a saitin biyan kuɗi na WooCommerce, wurin da ake rubuta lambar akawun don masu tiransifa, ya goge tawa ya sa wata. Ni kuwa kullum ina shiga shafin ina kallon kyan menu, ban taɓa danna maɓallin ba, wa zai tura wa kansa saƙo? Imel ɗin da oda ke shigowa ma ya canza shi, shi ya sa ban ga komai ba.

Na kira ɗan yayata hankali tashe, ya shiga ya duba ya ce Kawu akwai wani admin na biyu a nan da ba ni na buɗe ba, an sa masa suna kamar na kamfanin hostin, wato masu ajiye mana shafin a intanet, don kar a lura, ko da ka canza fasawod ɗinka ta nan zai dawo. Ya goge shi, ya cire wani fulogin, wato 'yar manhajar da ake ƙara wa shafi, da ba mu san da shi ba, ya mayar da lambobina. Sannan ya tambaye ni, Kawu, mutumin nan ya taɓa neman wata lamba ta domen, wato sunan shafin? Gabana ya faɗi, don kuwa ya nema, ya ce zai mayar da shafina kan saba mai sauri, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kai, in karɓo masa lambar EPP daga inda muka yi rajista. Allah ne ya taimake ni na kasa gano inda take na ce masa sai ɗan yayata ya dawo. Wannan lambar ita ce ake ɗauke sunan shafi da ita daga wani kamfanin rajista zuwa wani, da na ba shi da sunan shagona na .com.ng ya bar hannuna, sai dai in koma bin kamfanin rajista da NiRA masu kula da sunayen .ng ina roƙo, ko in saya daga hannunsa.

Gyaran menu ba ya buƙatar wannan lambar, ba ya buƙatar cPanel, wato wurin sarrafa hostin ɗinka, ba ya buƙatar imel ɗinka. Abin da yaron ya nuna min shi ne a WordPress mai matsayin edita ba ya iya taɓa menu sai admin, to in dole ne sai ka ba mutum, buɗe masa nasa akawun daban, yana gamawa ka goge, ka kuma leƙa jerin masu shiga ka ƙirga su. Bayan nan ka ari wayar wani ka shiga kamar baƙo, ka danna kowane maɓalli, ka yi odar yadi ɗaya har zuwa inda lambar akawun ke fitowa ka karanta ta da idonka. Minti biyar ne, ni rashin yin sa ya ja min asarar da ta haura dubu 200, mutum huɗu muka gano zuwa yanzu.

Na je banki da rasit ɗin, suka ce waɗanda suka tura kuɗin su ma su kai ƙorafi a nasu bankunan, na kuma rubuta wa EFCC tun da akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta hau kan irin wannan. Lambarsa a kashe take, hoton da ke kan akawun ɗinsa na Facebook ma ashe na wani ne ya ɗauko.

Mutum huɗun nan duk na tura musu kayansu daga aljihuna, don sunana suka gani suka tura kuɗi. Hajiya ta karɓi leshinta ta yi godiya amma ta ce daga yau ita dai sai ta ji muryata kafin ta tura ko sisi. Menu ɗin kuwa yana nan yadda ya tsara shi, na ce wa yaron kar ya taɓa, ai na biya.