Garin gato na kwali, na gwada ma Baba

Likita ya hana Baba maiƙo da madara, shi ko ba ya wasa da gato. Na ɗauko kwali biyu a wani butik kusa da kasuwar Dole. Na cakulan ɗin da na juya bayansa sai ga lait en poudre, wato garin madara, da lactosérum, shi ma wannan ruwan madara ne fa, na ajiye ma yara. Ɗayan ba madara amma da ɗan manja ciki, kuma wai a ƙara ƙwai 3 da mai, ni dai ayaba na dame madadin man, farin ƙwai kawai na sa. Ya yi laushi, bai tashi sosai ba. Baba ya ci yanka biyu yana cewa sukari ya yi yawa.