Shayin furen juhua na China: kala biyu na siya, ɗaya ne kawai zan sake siya

Jama'a masu tambaya akan busasshen furen nan da 'yan China ke jiƙawa a ruwan zafi suna sha, wanda suke ce ma juhua, Turawa kuma chrysanthemum, to ga abun da na gani. Kala biyu na ɗauko a wani shagon magungunan gargajiya na Sinawa, ɗaya buɗaɗɗen fure ne fari tas a leda mai ƙyalli harda zanen duwatsu da gajimare a jiki, ɗayan kuma 'yan ƙananun kawuna ne da basu kai ga buɗewa ba, rawaya-rawaya da ɗan kore a gindi, a cikin gwangwani, shi suke kira taiju. Na gwangwanin yafi tsada kuma a ido yafi muni, amma shi zance ku siya.

A jikin gwangwanin an rubuta Tongxiang, wani gari ne a lardin Zhejiang da yayi suna wajen noman irin da ake kira Hangbaiju, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake tsinka, shi taiju ɗin tun kafin ya buɗe ake cire shi shiyasa yake zuwa a dunƙule. In zaku haɗa don Allah ku samu kofin gilashi, rabin daɗin a kallo yake wallahi. Ka zuba kaman guda shida ko bakwai ka tsiyaya ruwan zafi, da farko duk zasu taso sama suna yawo, can sai kaga suna kumbura suna saki a hankali, wasu su nutse wasu su tsaya a tsakiya, ruwan ya koma rawaya garai-garai kana hango gindin kofin. Ƙamshin kaman zuma da busasshiyar ciyawa a haɗe. A baki kuma ba wani ƙarfi gareshi ba, ɗan zaƙi-zaƙi ne a gaba sai ɗan ɗaci can ƙarshen harshe, minti biyar ya isa, in ka manta dashi ya jima ɗacin ne zai cinye komai. Ana iya ƙara mishi ruwa sau biyu ko uku kafin ya salance. Babu kafeyin a ciki, don haka da daddare ma ina sha kuma bacci na baya taɓuwa. Sinawa da yawa suna jefa goji, wasu ƙananun busassun 'ya'yan itace ja, da ɗan dunƙulen suga, na gwada kuma ya tafi sosai, a gidajen cin abinci na Guangzhou da Hong Kong ma ana haɗa shi da baƙin shayin pu'er.

Shi kuwa farin na leda, hmm. Ina buɗewa wani tsami-tsami ya bugi hancina harda ɗan yaji, dana jiƙa ruwan yayi dishi-dishi furen kuma ya ruguje ya cika kofin da gutsattsari. Masu harkar sun daɗe suna gargaɗi akan furen da ake turarawa da hayaƙin farar wuta don yayi fari ya daɗe bai lalace ba, kuma alamomin da suke cewa a kula dasu kenan, fari fiye da kima da warin tsami. Fure na gaskiya in ya bushe kalarsa bata zuwa iri ɗaya, wani ya ɗan yi duhu wani haske. Na ajiye shi gefe ban ƙara taɓawa ba.

Amma abun da yafi bani haushi ma rubutun bayan ledar ne. Wai yana sauke hawan jini, yana wanke hanta, yana gyara ido, yana hana tsufa, kai saura kaɗan suce yana biyan bashi. Alhali su kansu masu maganin gargajiyan China ba haka kai tsaye suke amfani dashi ba. Furen tsoho ne a wajensu ba ƙarya, yana cikin littafin magunguna na Shennong Bencao Jing na kusan shekara dubu biyu da suka wuce, masanin magunguna Li Shizhen ma yayi bayaninsa a littafinsa Bencao Gangmu da aka buga a 1596, har yau kuma yana cikin kundin magunguna na hukumar ƙasar, inda aka sa ma'auninsa giram 5 zuwa 10. A tsarinsu kowane ganye yana da ɗabi'a, ko mai zafi ko mai sanyi, juhua suna lissafa shi mai ɗan sanyi ne, mai zaƙi da ɗaci, kuma aikinsa a huhu da hanta. To sai suke bada shi in mura ta fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaikayin maƙogwaro, ko ido yayi ja yana zafi, ko jiri. Har bambanci suke yi, rawayan yafi zuwa wajen mura, farin wajen ido, na daji kuma da suke ce ma ye juhua yafi ɗaci nesa ba kusa ba, shi na ƙuraje ne da kumburi.

Kuma ba shi kaɗai suke zubawa ba yawanci, haɗi ake yi. Akwai Sang Ju Yin, haɗin ganyen malberi da juhua da wasu, daga littafin likita Wu Jutong na 1798, na tari da farkon mura. Akwai Qi Ju Di Huang Wan da ake haɗawa da goji don bushewar ido. Sai likitansu ya taɓa jijiyar hannunka ya duba harshenka tukunna yace ga wanda ya dace dakai. To ina wannan ina fure huɗu a kofi? Binciken zamani ya samu sinadarai irin su luteolin da apigenin a ciki, amma mafi yawan gwajin a ɗakin bincike ne da kan dabbobi, saboda haka mai hawan jini kar ya kuskura ya ajiye ƙwayoyin asibiti saboda rubutun leda.

Ni dai abun da naji a jikina, in na daɗe gaban kwamfuta ido yayi nauyi na sha kofi ɗaya ina jin sauƙi, tururin ma da yake bugun fuska daɗi ne dashi, sai dai fa duk wanda ya tashi daga gaban allo na minti goma dole yaji sauƙi ko da ruwan zafi zalla yasha, don haka bazan ba furen duka ladan ba. Maƙogwaro kam yana lallashi sosai.

Masu saurin gudawa ko cikin da baya son sanyi, su Sinawan da kansu suna cewa a rage ko a bari. Wanda yake samun borin jini ko atishawa in ya kusanci furanni irin su kamomil shima yayi hattara, dangi ɗaya ne. Mai ciki ta tambayi likita tukunna. Sannan kar wani yaga furen ado a tukunya yace ai iri ɗaya ne ya tsinko ya jiƙa, waɗancan feshin maganin ƙwari ake musu.

Gwangwanin yana jimawa tunda kaɗan ake ɗiba, amma a rufe shi ruf a ajiye inda ba danshi ba rana, in ba haka ba ƙamshin zai gudu ko ƙananun ƙwari su shiga. In ya ƙare taiju zan ƙara siya, kuma wannan karon sai mai shago ya buɗe min na sansana kafin in biya.