Lambar jirgin da ka haɗa da hannunka: inci 3 ko inci 12?

Malam Sani, ka tambayi girman lambar rajistar da za ka sa a jikin jirgin saman da ka haɗa; tunda ka ce kana Fulorida kuma Bahamas na cikin ranka, sa inci 12 kawai ka huta. Bari in gaya maka yadda na zo ga wannan, don ni duka biyun na gwada su a jikin RV-7 ɗina, ƙaramin jirgin da ake haɗawa a gida, ɗayan kuwa har yau in na tuna sai in yi tsaki.

Dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, sashe na 45.29, cewa ta yi lambar rajistar jirgi mai fukafuki kada tsawonta ya gaza inci 12, wato kusan santimita 30. Sai ta yi wa mu masu haɗa jirgi a gareji sassauci: an yarda mu sa inci 3, muddin gudun tafiyar jirgin bai wuce not 180 ba, kusan kilomita 333 a awa. RV-7 yana ƙasa da wannan, don haka in naka ma irinsa ne ya shiga. Amma can ƙasan sashen akwai wata gaɓa da mutane ke tsallakewa. Tun bayan 7 ga Maris 1988, duk jirgin da zai ratsa ADIZ, wato yankin da ake tantance jirage kafin su shigo samaniyar Amurka, dole lambarsa ta kai inci 12, ta dindindin ko ta wucin gadi. Zamanin masu fasa-ƙwaurin ƙwaya da ƙananan jirage ne, jami'ai na so su karanta lamba daga nesa. Tsakanin gaɓar Fulorida da Bimini, tsibirin Bahamas mafi kusa, mil 50 ne da ɗoriya, kuma ADIZ ɗin na kwance a kan hanyar. Iyakar Meksiko ma haka. Iyakar Kanada ce ba ta da shi.

Kada ka rikita wannan da yankunan atisayen soja da ake rufewa, waɗanda ke da harafin R a taswira. Sashen bai ambace su ba. Can izini ake nema, girman lamba ba ya buɗe maka ƙofa. Haka zoben mil 30 da ke kewaye da Washintan, wanda tun 2009 aka sauya masa suna daga ADIZ zuwa SFRA, wato yanki mai dokokin tashi na musamman, dokokinsa daban suke, har da kwas ɗin da ake yi ta intanet kafin a kusanci wurin.

Inci 3 dai ba laifi, yana da kyau a ido, ana ma iya jera shi a tsaye a jikin wutsiya, kuma in yawonka bai wuce cikin ƙasa ba ya ishe ka. Iyakar abin da zan iya faɗa a kansa ke nan.

Ni da shi na fara, don tsabar son fenti. Na kashe kuɗi a fenti ja da fari, na ce ba zan ɓata shi da manyan haruffa kamar motar haya ba. Ranar da za mu fara tsallakawa sai ga ni a filin jirgin Fort Pierce da sanyin safiya, durƙushe da rula da baƙin salatif ina ƙera harafin N da lambar kowane jirgin Amurka ke farawa da shi. Uwargida na zaune a kan akwati tana kallona, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Harafi mai lanƙwasa da salatif, Allah ya raba ka. Awa biyu na yi. Da muka sauka, gefe guda ya ɓanɓaro yana lilo, da muka dawo gida kuma rana ta gasa gam ɗin, na yi kwana biyu ina goge shi, har yau akwai inuwar lamba 8 a jikin fentin in haske ya bugo ta gefe.

Bayan nan na sa aka yanko mini ta dindindin. Wani dattijo da rumfar jirginsa ke kusa da tawa, tsohon makanikin jirage, shi ya taya ni liƙawa. Ya kawo ruwan sabulu a kwalbar feshi, ya ja zare daga bayan fiffike zuwa gaban ƙaramin fiffiken wutsiya don layin ya miƙe, muna danne kumfa da katin banki yana ba ni labarin jiragen da ya gyara. Da na ce masa a Kaduna ma an taɓa haɗa dangin wannan jirgin, Air Beetle da sojan samanmu suka yi horo da shi, wanda asalinsa RV-6A ne, sai ya ajiye kwalbar ya ce sai na nuna masa hoto. Muka gama, muka ja baya muka duba, wallahi jirgin sai ya ƙara kwarjini. Tun daga ranar, in tafiya ta taso, takardu da mai kawai nake tunani.

Ka auna kafin ka biya. Faɗin kowane harafi kashi biyu cikin uku na tsawonsa ne, wato inci 8. Kaurin layi inci 2. Tazara tsakanin haruffa kada ta gaza inci 2. Lamba 1 ce siririya, inci 2 kacal, M da W kuma an yarda faɗinsu ya kai tsawonsu. In lambarka haruffa shida ce har da N, babu 1 a ciki, kana buƙatar fili na inci 58 a kowane gefe, kusan ƙafa biyar. Bayan RV yana tsukewa wajen wutsiya, don haka yanka takarda ka manna ka gani tukuna. Launi kuma ya bambanta sosai da na jiki, banda ado.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da sitika ta intanet. Kowa sai ya rubuta maka wai nasa ya cika ƙa'idar FAA. Na farkon da na saya, tsawo ya kai 12 cif, faɗi kuwa inci 6, an matse haruffan don a rage leda, layin ma siriri. Da na yi magana sai mutumin ya ce ai kowa haka yake saya, daga nan ya daina ɗaukar waya. Wasu kuma za su cusa maka mai inuwa a baya ko mai ƙyalƙyali, su ce ya fi kyau. Ka ce a turo maka zanen da awon kowane harafi a rubuce kafin ka tura ko sisi, kuma ka tambayi irin ledar, don mai arha shekara guda rana ke cinye ta.

In za ka yi odar, haɗa da kalmar EXPERIMENTAL da ake sawa kusa da ƙofar shiga, tsawonta tsakanin inci 2 zuwa 6, don mai duba jirgi zai neme ta. Ka turo mini lambarka da awon gefen jirgin, in lissafa maka ko za ta zauna ba tare da ta hau kan layin fentinka ba.