Farashin da Ake Rubutawa a Takardar Mota a Teksas

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali da kowa na gida. Ka dade kana tambayata ko gaskiya ne mota a Amurka kamar kyauta take. Yanzu da na sayi tawa da hannuna, zan iya ba ka labari daga tushe, don abin da na gani ya wuce maganar araha da tsada.

Motoci dai akwai su birjik. A nan Houston, a jihar Teksas, mutum ba ya rayuwa sai da mota, don gari ne mai faɗi, kuma motar haya ba ta shiga kowane lungu. Saboda haka cinikin motar hannu ba ya tsayawa. Ko ka je wurin dila, ko ka duba tallar da masu motoci ke sakawa da kansu a Facebook ko shafin talla na Craigslist. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka bukatar rantsuwar mai mota kafin ka san tarihinta. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17. Ka biya kuɗi kaɗan a kamfani irin Carfax, a fito maka da mutum nawa suka riƙe ta, ko an rubuta ta taɓa yin hatsari, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne a garin da guguwar Harvey ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a 2017. A gida sai ka ɗauko makaniki ya ƙwanƙwasa gefen mota ya saurara, ya leƙa ƙarƙashi, sauran kuma a bar wa Allah. Sai dai kada ka ɗauka komai na nan ya fi. Aikin hannu tsada gare shi ƙwarai, makaniki da awa yake caji, kuma ba ya gyaran abu, cire shi yake ya sa sabo. Gyaran da yaron gareji zai yi maka kana tsaye, a nan sai ka yi alƙawari ka jira.

Na samu Toyota Camry a hannun wani dattijo, muka daidaita a dala 9,000. Babu dillali, babu la'ada. Muna zaune a kan teburin gidansa za mu cike takardu, sai ya ce mini, cikin kyakkyawar niyya kamar yadda na fahimta, in ina so ya rubuta 4,000 a wurin farashi, don harajin ya yi mini sauƙi. Ya ce kowa haka yake yi. Da na koma na faɗa wa wasu 'yan uwanmu da suka riga ni zuwa, biyu daga cikinsu suka ce ai da na karɓa, gwamnatin Amurka ba ta rasa kuɗi ba.

Bari in bayyana maka yadda abin yake, don tsarin ya bambanta da namu. A Teksas duk wanda ya sayi mota yana biyan harajin ciniki kashi 6.25 cikin ɗari. In wurin dila ka saya, shi zai karɓa ya kai. In kuwa hannu da hannu ne, kai mai saye za ka ɗauki takardar mallaka da fom mai lamba 130-U ka kai ofishin haraji na gunduma cikin kwana 30, ka biya, sannan a mayar da motar sunanka. Ka makara, a ƙara maka tarar kashi 5 a kan harajin, in jinkirin ya haura wata guda ta zama kashi 10. Kuma duk lokacin da mota ta sauya hannu sai an sake biya, ko sau biyar aka sayar da ita. Wannan kam ya tsaya mini a rai, ban ga adalcinsa ba har yau. Mota ɗaya, an biya mata haraji tana sabuwa, talakan da ya saye ta bayan shekara goma shi ma sai ya biya. Na fahimci dalilin da ya sa mutane ke jin ba su yi laifi ba in sun rage.

To ga lissafin. A kan 9,000 harajina dala 562 da rabi ne. A kan 4,000 kuwa 250. Wato a ido mutum zai ga ya tsira da sama da dala 300, kuɗin da zai yi wa sabon zuwa amfani sosai. Amma hukuma ta daɗe da gano wannan hanya. Tun watan Oktoban 2006 jihar take da nata ƙiyasin darajar kowace motar hannu, wanda ake fitarwa daga farashin da irinta ke tafiya a kasuwa. Ma'aikaciyar ofis za ta shigar da lambar jikin motar da yawan tafiyar da ta yi, kwamfuta ta fito da daraja. Harajin kuma ana ɗora shi a kan wanda ya fi girma tsakanin abin da ka rubuta da kashi 80 cikin ɗari na wannan ƙiyasi. Tawa ƙiyasinta ya kusa 10,000. Ka ga ko da na rubuta 4,000, a kan wajen 8,000 za a caje ni, in biya dala 500. Duk ƙaryar abin da za ta rage mini bai fi dala sittin da 'yan kai ba. Dattijon nan ina jin tun zamanin da ake yarda da abin da aka rubuta ya saba da dabarar, bai san an toshe ta ba.

Ka san irin wannan ai a gida, tun da kwastan suka koma ƙiyasta kuɗin fiton motoci da lambar jiki a 2022, masu fiton kaya a tashar Legas suka yi ta kuka har da yajin aiki. Dalilin ɗaya ne: an gaji da rasit ɗin da aka rubuta don idon hukuma.

Wanda da gaske ya sayi mota da araha, misali injinta ya buga ko gefenta ya lotse, ba a rufe masa ƙofa ba. Yana iya kai ta wurin dila mai lasisi ko jami'in inshora mai lasisi ya duba ya rubuta darajarta ta gaskiya, a karɓi haraji a kan wannan. Akwai kuma hanyar kyauta, inda dala 10 kawai ake biya. Nan ne wasu namu ke zamewa, su ce abokinsu ne ya ba su. Doka kuwa ta lissafa waɗanda kyautarsu ke shiga: miji da mata, iyaye da 'ya'ya, kakanni da jikoki, wa da ƙani, da wasu 'yan kaɗan. Aboki ba ya ciki, ɗan garinku ba ya ciki, duk da mu a wurinmu ɗan gari a baƙon wuri ɗan uwa ne. Kuma sai an cike takardar rantsuwa, mai bayarwa da mai karɓa duka sun sa hannu.

Abin da ya fi tsorata ni ba lissafin ba ne. A jikin fom ɗin, daidai inda ake sa hannu, an rubuta gargaɗi cewa ba da bayanin ƙarya babban laifi ne mai mataki na uku. A dokar Teksas laifin wannan mataki hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ne, da tarar da za ta iya kai dala 10,000. Ba na ce ana cika gidan yari da masu sayen Camry ba. Amma ɗan ƙasa in ya faɗa irin wannan, lauya zai nema ya ci gaba da zamansa. Mu baƙi kuwa duk laifin da ya shafi zamba yana iya biyo mu har ranar neman takardar zama ko ta zama ɗan ƙasa, inda ake tambayarka tarihinka kana cikin rantsuwa. Shekarun da mutum ya yi yana haɗa takardunsa, da kuɗin da kuka tara mini na taho, ba zan ɗora su a kan dala sittin ba.

Akwai kuma wani gefen da masu ba ni shawara ba su duba ba. A ƙasar nan abin da ke takarda shi ne gaskiya. A ce bayan mako guda na gano an juya lambar tafiyar motar, ko akwai bashin banki a kanta da aka ɓoye mini, na kai ƙara ƙaramar kotu ina neman 9,000 ɗina. Mai motar zai ɗago takarda mai sa hannuna da ke cewa 4,000 na biya. Me zan ce wa alƙali? A gida da sai in kawo dillali da shaidu biyu da aka yi cinikin a gabansu. A nan mu biyu ne a kan teburi, shaidata ita ce takardar, kuma da hannuna zan lalata ta.

Na gode wa dattijon, na ce ya rubuta 9,000 yadda muka yi. Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta. Ranar Litinin na je ofishin gunduma, na ɗauki lamba, na zauna kusan awa ɗaya. Matar ta duba takardun inshora, don ba a yi wa mota rajista sai da ita, ta karɓi haraji da kuɗin takarda da na rajista, ta miƙo mini rasit. Babu wanda ya nemi na goro, babu wanda ya ce in dawo gobe oga ba ya nan. Takardar mallakar da sunana ta iso ta gidan waya bayan 'yan makonni.

Game da maganar da ka yi ta in nemo maka mota in turo, ka ba ni lokaci in fahimci kuɗin jirgin ruwa da na fito tukuna, don abin da ake gani a talla ba shi ne abin da zai isa hannunka ba. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina nan ina kiyaye hanya.